Yadda Ake Nazarin Alƙaluma da R: Jagora ga Ɗalibai da Masu Bincike a Kano

Da yawa daga cikin ɗaliban da ke rubuta kundin digiri a Jami'ar Bayero, da likitocin da ke gudanar da bincike a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da ma'aikatan ƙungiyoyin da ke bin unguwanni suna tattara bayanai, da SPSS ko Excel suka fara koyon nazarin alƙaluma. Duka biyun suna biyan buƙata, sai dai gyaran da aka yi ta hanyar danna maɓalli ba ya barin sawu, saboda haka idan mai duba kundi ya tambayi yadda aka samo wata lamba bayan watanni sun shuɗe, sau da yawa mai aikin ba ya iya maimaita hanyar da ya bi. A nan ne R ya yi zarra, domin kowane mataki a rubuce yake cikin fayil ɗin umarni, kuma duk ranar da aka sake gudanar da fayil ɗin, sakamakon da aka samu a baya shi zai sake fitowa.

R harshen kwamfuta ne da aka ƙirƙira domin lissafin ƙididdiga, kuma kyauta ne, ba a biyan kuɗin lasisi. Ross Ihaka da Robert Gentleman ne suka fara shi a Jami'ar Auckland ta ƙasar Niyu Zilan a farkon shekarun 1990, bisa tsarin wani tsohon harshe mai suna S da John Chambers da abokan aikinsa suka samar a Bell Labs ta Amurka tun 1976, sannan cikakkiyar sigarsa ta farko ta fito a watan Fabrairun 2000.

Abu biyu ake saukewa, kuma a jere: da farko R ɗin kansa daga rumbun CRAN, sannan RStudio daga kamfanin Posit, wanda shi ne tagar da ake zama a yi rubutu a ciki. Mai amfani da Windows ya tabbatar R ɗinsa bai gaza siga ta 4.2 ba, domin daga wannan sigar ta 2022 ne R ya koma amfani da tsarin haruffa na UTF-8 a kan Windows, kuma kafin nan haruffanmu masu lanƙwasa, wato ƙ da ɗ da ɓ, sukan rikiɗe su koma alamomin tambaya ko wasu baƙaƙe marasa ma'ana. Bayan haka sai a sauke fakitoci, wato tarin ƙarin umarni da ake ɗora wa R, da umarnin install.packages. Fakitin tidyverse shi ne babba, kuma yana zuwa da dplyr na sarrafa jadawali, da ggplot2 na zane, da readxl na karanta Excel, da haven na karanta fayilolin SPSS da Stata, ko da yake waɗannan biyun na ƙarshe sai an kira kowanne da umarnin library kafin ya yi aiki. A ƙara da janitor da survey. Sau ɗaya kawai ake buƙatar intanet mai ƙarfi, daga nan R yana aiki ba tare da data ba. Idan ɗalibai da yawa ne a aji guda, mutum ɗaya zai iya saukewa sauran su kwafi foldar fakitocin a filashi, muddin dukkansu Windows suke amfani da shi kuma lambobi biyun farko na sigar R ɗinsu sun zo ɗaya.

Kafin a rubuta ko layi ɗaya, a buɗe sabon aiki a RStudio ta yadda zai sami folda tasa ta kansa, a yi ƙananan foldoji uku a ciki: ɗaya ta ɗanyen bayanai, ɗaya ta umarni, ɗaya ta sakamako. Amfanin wannan shi ne ba sai an rubuta doguwar hanyar fayil mai ɗauke da sunan mai kwamfuta ba, wadda takan karye da zarar an kai aikin wata na'ura. Haka kuma a shiga saitin RStudio a kashe zaɓin da ke adana abubuwan da ke cikin ƙwaƙwalwar R yana dawo da su idan an sake buɗewa. Sabon shiga yakan ga kamar wannan zaɓi taimako ne, musamman a garin da wuta kan ɗauke ba sallama, amma yana ɓoye ɓaraka, domin mutum zai riƙa aiki da wani jadawali da ya gyara jiya da umarnin da bai adana ba, bai sani ba. Abin da ya kamata a kare daga ɗaukewar wuta shi ne fayil ɗin umarni, kuma shi ƙarami ne ƙwarai: a riƙa danna Ctrl da S a kai a kai, a tura wa kai kwafinsa ta imel a ƙarshen kowace rana.

Ƙa'ida mafi muhimmanci ita ce kada a taɓa ɗanyen fayil da hannu. Ya zama kamar littafin bashi na ɗan kasuwa, wanda ba a goge abin da aka rubuta a cikinsa, sai dai a ƙara bayani a ƙasa. Duk kuskuren da aka gani, a gyara shi da umarni, a sa alamar # a gefe a rubuta dalilin gyaran da Hausa ko da kowane harshe mutum ya ga dama, domin R ba ya karanta abin da ya biyo bayan wannan alamar.

A ɗauka an tura ma'aikata huɗu kasuwar Dawanau da ta Rimi da ta Sabon Gari su riƙa rubuto farashin gero da dawa da masara da wake kowane mako na tsawon shekara, kuma suna cike fayil ɗin Excel guda. Matakin farko shi ne a karanto komai a matsayin rubutu, kada a bar R ya yi hasashen wane ginshiƙi ne lamba wane ne kwanan wata:

danye <- read_excel("danye/farashi.xlsx", col_types = "text")

Dalilin yin haka shi ne idan R ya ɗauki ginshiƙi a matsayin lamba, duk gurbin da wani ya rubuta kalma a ciki zai mayar da shi fanko, lambobin waya kuma da aka ɗauka a matsayin adadi sifilinsu na farko yakan faɗi. Daga nan sai a wuce da jadawalin ta umarnin clean_names na janitor, wanda ke mayar da sunayen ginshiƙai ƙananan haruffa ya kuma cire tazara. Shawarata ita ce sunayen ginshiƙai su kasance ba lanƙwasa, a rubuta karamar_hukuma a maimakon ƙaramar hukuma, amma abin da ke cikin gurabe a bar shi da cikakkiyar ƙa'idar rubutu. Sai a duba siffar jadawalin da glimpse, a rubuta adadin layukansa a gefe, domin za a riƙa komawa ga wannan adadin.

Yanzu aikin gaske ya fara, kuma shi ne ke cin mafi yawan lokaci. A gudanar da umarnin count a kan kowane ginshiƙi na suna, ɗaya bayan ɗaya, a karanta abin da ya fito da ido. A ginshiƙin kasuwa za a tarar da Dawanau, da dawanau, da Dawanu, kuma a wurin R waɗannan kasuwanni uku ne daban. Umarnin str_squish yana cire tazarar da ta yi yawa, str_to_title yana daidaita manya da ƙananan haruffa, sauran kuma sai a haɗe su da case_when, a faɗi ƙarara cewa wannan da wannan abu ɗaya ne. Sunayen ƙananan hukumomi sun fi ba da wahala. Jihar Kano na da guda 44, kuma a cikinsu akwai Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, saboda haka idan ma'aikaci ya rubuta Dawaki kawai, ba hurumin mai nazari ba ne ya zaɓar masa ɗaya. Ko dai a kira shi a tambaye shi, ko a duba wani ginshiƙi da zai warware, kamar sunan kasuwa, tunda Dawanau a Dawakin Tofa take. Nassarawa ta cikin birnin Kano ma wasu da s ɗaya suke rubuta ta, kuma idan bayanan na ƙasa baki ɗaya ne tana iya cakuɗewa da jihar Nasarawa da ƙaramar hukumar da ke can mai wannan suna.

Ginshiƙin farashi shi ne inda tarko ya fi yawa. Wani zai rubuta N45,000, wani 45000, wani 45k, wani kuma 44,000-46,000 saboda ya ji farashi biyu a bakin 'yan kasuwa. Umarnin parse_number yana cire harafin N da waƙafi ya bar lamba, kuma yana yin hakan da kyau, amma 45k zai mayar da shi 45, na ƙarshen kuma zai ɗauki 44000 ya watsar da sauran, duk ba tare da ya yi gargaɗi ba. Don haka kafin a mayar da ginshiƙin lamba, a tace layukan da ke ɗauke da harafin k ko karan tsakiya da str_detect, a dube su, a yanke hukunci a rubuce: mai k a ninka shi da 1000, mai farashi biyu a ɗauki tsakiyarsu ko a ware shi. Bayan an mayar, a jera farashin daga ƙarami zuwa babba da arrange, a kalli goman farko da goman ƙarshe. Buhun gero na naira 45 ko na naira miliyan huɗu da rabi nan take zai bayyana, kuma kusan kullum sifili ne ya ƙaru ko ya ragu a hannun mai shigarwa.

Akwai kuma batun ma'auni, wanda babu fakitin da zai warware shi. Idan wani ya rubuto farashin kwano, wani na mudu, wani na buhu, ba za a haɗa su a lissafi guda ba sai an mayar da su kilo, kuma nauyin kwanon gero ba ɗaya yake da na wake ba, buhu ma girma-girma ne. Abin yi shi ne a ɗauki sikeli a je kasuwar a auna, a yi ƙaramin jadawali na daban mai nuna nauyin kowane ma'auni ga kowane hatsi, sannan a haɗa shi da babban jadawalin ta left_join. A ƙirga layuka kafin haɗawa da bayanta. Idan sun ƙaru, to akwai layin da aka maimaita a ƙaramin jadawalin, kuma kowane farashi da ya dace da shi ya ninku. Umarnin anti_join kuma yana nuna layukan da ba su sami abokin haɗi ba, wanda yawanci alama ce ta sunan da ba a gama gyarawa ba.

Kwanan wata yana da nasa sha'anin. Excel a cikinsa lamba yake ajiyewa, shi ya sa idan an karanto shi a matsayin rubutu za a ga abu kamar 45292, wanda shi ne 1 ga Janairun 2024, kuma idan an fara mayar da shi lamba, excel_numeric_to_date na janitor yana mayar da shi daidai. Waɗanda aka shigar a matsayin rubutu kuma, umarnin dmy na fakitin lubridate da ke cikin tidyverse ne ya dace da yadda muke rubutawa a Najeriya, rana sannan wata sannan shekara. Haɗarin shi ne kwamfutar da aka saita da tsarin Amurka tana sa wata a gaba, ta yadda 3 ga Afrilu zai koma 4 ga Maris, kuma alamar da ke tona wannan ita ce a ga ranakun wani ma'aikaci ba sa faɗawa ranar makon da aka tura shi kasuwa. Gurabe marasa amsa kuma a mayar da su NA, wato alamar da R ke sa wa gurbin da ba amsa, tun da wuri, ko an rubuta babu, ko an ja kara, ko an sa 99 ko 999 kamar yadda wasu takardun tambaya ke yi, domin 999 da aka manta a ginshiƙin shekaru yana iya ɗaga matsakaicin shekarun mutane zuwa abin da hankali ba zai ɗauka ba.

Idan jadawali ya tsarkaka, a sa masa suna tsabta, kuma taƙaita shi layi biyu ne ko uku. Alamar |> da ta shigo R a siga ta 4.1 a 2021 tana miƙa sakamakon wani umarni ga na gaba, sai rubutun ya karantu daga hagu zuwa dama:

tsabta |> group_by(kasuwa, hatsi, wata) |> summarise(tsakiya = median(kudin_kilo, na.rm = TRUE), adadi = n())

Da gangan aka zaɓi lambar tsakiya, wato median, a nan a maimakon matsakaici, domin farashi da kuɗin shiga sukan karkata gefe guda, kuma 'yan manyan lambobi kaɗan sun isa su ja matsakaici sama. Adadin layukan da aka sa a gefe ma ba ado ba ne: lambar tsakiya da aka fitar daga farashi biyu ba ta kai a gina magana a kanta ba. Game da na.rm, yana sa R ya tsallake guraben da ba amsa, amma wajibi ne a ƙirga yawansu a faɗe shi a rahoto, domin idan rabin farashin wake na wata guda ya ɓata, mai karatu yana da haƙƙin ya sani.

A yi zane kafin a yi kowane gwaji. Da ggplot2 sai a sa wata a kwance, farashi a tsaye, kowace kasuwa da launinta, kowane hatsi da akwatinsa ta facet_wrap. Wanda ya san Kano ya san abin da zai sa rai ya gani, wato saukar farashi da kaka da hawansa yayin da damina ta yi nisa rumbuna suka fara ƙarewa, kuma idan zanen ya nuna akasin haka, a fara zargin bayanan kafin a yi shelar sabon bincike. Idan kuma ana kwatanta shekaru daban-daban, dole a cire tasirin hauhawar farashi da ma'aunin da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ke fitarwa kowane wata, tare da lura cewa a farkon 2025 hukumar ta mayar da shekarar tushen ma'aunin zuwa 2024, don haka ba a jona tsohon jeri da sabo kai tsaye. A adana zane da ggsave a kan dpi 300 domin ya fito sarai a bugun kundi.

Gwaje-gwajen da aka saba da su duk suna cikin R tun asali: t.test, da chisq.test, da lm, da glm. Abin da zan ja hankali a kai shi ne a riƙa karanta gargaɗin da ke fitowa. Idan chisq.test ya ce sakamakon na iya zama ba daidai ba, yana nufin wasu gurabe adadin da ake tsammani a cikinsu bai kai 5 ba, kuma fisher.test ne ya fi dacewa. Sannan kada a tsaya ga lambar p kaɗai, a faɗi girman bambancin da kuma iyakokin da ake da tabbaci a kansu, waɗanda confint ke bayarwa.

Masu amfani da manyan binciken ƙasa, kamar binciken al'umma da lafiya na 2018 da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar, suna da ƙarin nauyi a kansu, domin ba a zaɓi mutanen da aka tambaya ɗaya-ɗaya ba, rukuni-rukuni aka ɗebo su, kuma kowace amsa tana da nauyinta. A fayil ɗin mata, nauyin yana ginshiƙin v005 kuma sai an raba shi da 1,000,000, rukunin yana v021, sashen ƙasar da aka ɗebo rukunin daga cikinsa kuma yana v022. Ana ba svydesign na fakitin survey waɗannan ukun, daga nan a yi lissafi da svymean ko svyglm. Kuskuren da ya yawaita shi ne a fara yanke jihar Kano daga jadawalin sannan a gina tsarin. Daidai shi ne a gina tsarin a kan bayanan ƙasa duka, sannan a ware Kano da subset, in ba haka ba kuskuren ƙiyasi na iya fitowa ba daidai ba. Waɗannan fayiloli suna da dubban ginshiƙai, R kuma a ƙwaƙwalwar kwamfuta yake riƙe komai, saboda haka mai ƙaramar kwamfuta ya yi amfani da col_select a cikin read_dta ya ɗauko ginshiƙan da yake buƙata kawai.

Wajen rubuta rahoto, Quarto yana ba da damar haɗa bayani da umarni a fayil guda ya fitar da takardar Word, ta yadda idan malami ya ce a cire wasu layuka, jadawali da zane za su sabunta da kansu ba sai an sake kwafe lambobi da hannu ba. Fakitin gtsummary yana fitar da jadawalin siffanta mahalarta bincike a tsarin da mujallun lafiya suka saba da shi. Duk inda aka yi zaɓen ƙuri'a, kamar ɗebo gidaje daga jerin unguwa, a sa set.seed a sama domin zaɓen ya maimaitu.

Idan umarni ya ƙi aiki, a karanta saƙon kuskuren har ƙarshe, domin galibi yana faɗin sunan abin da ya rasa, kuma mafi yawan lokuta harafi ne babba a wurin ƙarami, ko baka da ba a rufe ba, ko fakitin da ba a kira ba. Mai neman taimakon wani ya tura masa 'yan layuka kaɗan na bayanan ta umarnin dput tare da ainihin saƙon, ba hoton allo da aka ɗauka da waya ba, amma ya fara cire sunaye da lambobin waya da adireshi, musamman idan bayanan marasa lafiya ne, domin Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa mai riƙe da irin waɗannan bayanai alhakin tsare su. Kafin a miƙa aiki kuma, a danna Ctrl da Shift da F10 domin R ya tashi sabo, a gudanar da fayil ɗin umarni daga layin farko zuwa na ƙarshe, a gwada lambobin da suka fito da waɗanda ke cikin kundin ɗaya bayan ɗaya, sannan a ajiye abin da sessionInfo ya nuna a foldar sakamako domin a san sigar R da ta kowane fakiti da aka yi aikin da su.